Helio Gracie da Tarihin Baƙar Ɗamara a Kokawar Jiyu-jitsu

Jiyu-jitsu kokawa ce da ake cin nasara a cikinta ta hanyar shaƙe abokin karawa ko murɗe masa gaɓa har sai ya sallama. A kokawar da ake yi bayan kaka a Guri da sauran garuruwan fadamar Haɗeja, wanda ya faɗi an ka da shi, magana ta ƙare. A jiyu-jitsu kuwa faɗuwa farkon aiki ce, domin yawancin karawar a ƙasa ake yin ta, kuma sau da yawa wanda yake kwance rigingine shi ke kama na samansa. Babbar shaidar ƙwarewa a wannan fanni ita ce baƙar ɗamara, kuma darajar da take da ita a yau ba ta rabuwa da rayuwar wani ɗan ƙasar Burazil mai suna Helio Gracie.

Tushen abin daga Japan yake. A 1882 Jigoro Kano ya buɗe makarantar Kodokan a Tokiyo, inda ya tace dabarun tsoffin makarantun faɗa na ƙasarsa ya fitar da judo, ya kuma tsara matakan girma da baƙar ɗamara ke wakilta. Wani almajirin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya bar Japan a 1904, ya yi ta karawa da 'yan kokawa da 'yan dambe a Amurka da Ingila da Sifaniya da Kiyuba da Meziko, kafin ya sauka Burazil a 1914 ya zauna a birnin Belém, kusa da bakin kogin Amazon. A lokacin, mutanen waje ba su cika bambance judo da jiyu-jitsu ba, shi ya sa tsohon sunan ya zauna a Burazil. A Belém ne wani saurayi, Carlos Gracie, ya fara koyo. Masu bincike sun saɓa kan tsawon zaman da ya yi a gaban Maeda kansa, amma babu saɓani cewa shi ya koya wa ƙannensa bayan iyalin sun koma Rio de Janeiro.

Helio, wanda aka haifa a 1913, shi ne ƙarami a cikin mazan gidan, kuma ba shi da girman jiki. Wannan ya sa ya dogara da abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya: ya kwanta ya naɗe abokin karawa da ƙafafu, ya kare kansa daga bugu, ya yi haƙuri har mai ƙarfin ya gaji ya yi kuskure. Iyalinsa kan ce shi ya sauya fasahar ɗungurungum. A maganar akwai ƙari, tun da akasarin kamun suna nan a judo tun kafin haihuwarsa. Abin da ba za a ƙwace masa ba shi ne ya gwada wannan salo a bainar jama'a fiye da shekara 20, kuma bai zaɓi masu sauƙi ba.

Ya fara a 1932 da wani ɗan damben zamani, Antonio Portugal, wanda ya kama cikin ƙasa da minti ɗaya. A 1934 ya yi canjaras da Wladek Zbyszko, shahararren ɗan kokawar Folan da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Karawar da aka fi tunawa ita ce ta 1951. A shekarar ya fara haɗuwa da ɗan judo Yukio Kato, suka tashi canjaras, a karo na biyu a São Paulo ya shaƙe shi har ya suma. Wannan ta ba shi damar fuskantar Masahiko Kimura, wanda ake lissafawa cikin manyan gwanayen judo na kowane zamani. Ranar 23 ga Oktoba, a filin ƙwallon Maracanã, Kimura ya yi ta maka shi da ƙasa, a turmi na biyu ya murɗe masa hannu ta baya. Helio ya ƙi sallamawa har hannun ya karye, sai yayansa Carlos ya jefa tawul aka tsai da wasa. Har yau 'yan jiyu-jitsu na kiran wannan kamu da sunan Kimura, girmamawar da ta nuna cewa gidan Gracie ya ɗauki kayen a matsayin darasi.

A 1955, yana da shekara 41, ya kara da tsohon almajirinsa Valdemar Santana. Sun shafe fiye da awa uku da rabi ba hutu, daga ƙarshe Santana ya sumar da shi da shuri a ka. Carlson, ɗan Carlos, shi ya karɓi tutar gidan a fage, Helio kuma ya mai da hankali ga koyarwa.

A nan ne babban tasirinsa yake. Makarantar da suka buɗe a tsakiyar Rio ta ginu kan darasin mutum ɗaya da malami ɗaya, da jerin dabarun kare kai da ake bi daki-daki, kuma masu zuwa yawanci masu hali ne. Talakawan bayan gari sun samu fasahar ta wata silsila daban, ta Luiz França da almajirinsa Oswaldo Fadda, wanda ɗalibansa suka yi suna wajen murɗe ƙafa. A 1967 aka kafa hukumar jiyu-jitsu ta jihar Guanabara, wato birnin Rio a lokacin, Helio ne shugabanta na farko, kuma a nan aka fara rubuta dokokin gasa da tsarin ɗamara.

Babban mutum yakan fara da farar ɗamara, sai shuɗiya, sai shunayya, sai mai ruwan ƙasa, sannan baƙa. Galibi tafiyar kan ci wajen shekara 10, kuma malami ne ke ɗaura wa almajiri bayan ya daɗe yana ganin yadda yake karawa da tsaransa. Saboda haka idan mutum ya ce shi mai baƙar ɗamara ne, tambayar farko ita ce wa ya ɗaura masa, shi kuma wa ya ɗaura wa wancan. Bayan baƙar akwai ƙarin matakai da ake samu da shekarun hidima, har zuwa jar ɗamara, wadda matakinta na 10 aka keɓe wa Carlos da Helio da 'yan'uwansu.

'Ya'yan Helio ne suka fitar da fasahar duniya. Rorion ya koma Kalifoniya a 1978 yana koyarwa a garejin gidansa, daga baya ya shiga cikin waɗanda suka shirya gasar faɗa ta UFC ta farko a Denver ranar 12 ga Nuwamba 1993. Ƙaninsa Royce, mai nauyin kusan kilo 80, ya sa mutum uku sun sallama a dare ɗaya ya ɗauki kambun. Daga nan makarantu suka bazu a Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa, inda Abu Dhabi ta kafa tata babbar gasar a 1998.

A Burazil kuma wani ɗan Carlos, Carlos Gracie ƙarami, ya shirya gasar duniya ta farko a Rio a 1996. Karawar masu baƙar ɗamara minti 10 ce, ana ba da maki 2 don kayarwa, 3 don tsallake ƙafafun wanda ke kwance, 4 don hawa ƙirjinsa ko kama bayansa. Helio bai gamsu da wannan ba. A ganinsa agogo da maki sun fifita mai ƙarfi da sauri, sun raunana manufar kare kai da ya yi rayuwarsa a kanta. A shekarunsa na ƙarshe ya riƙa ajiye jar ɗamara yana ɗaura shuɗiya mai duhu, irin wadda malaman makarantarsu ke ɗaurawa kafin zuwan hukumomi. Ya ci gaba da shiga fagen horo har bayan ya haura 90, ya rasu a Petrópolis ranar 29 ga Janairu 2009 yana da shekara 95.