Tarihin Kamun Kifi da Cinsa a Shanono da Kewayenta

Shanono ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin Jihar Kano, a kan iyaka da Jihar Katsina. Ƙasar noma ce, gona manne da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 140,607. Babu wani babban kogi da ya ratsa ta, teku kuwa tana can kudu, tafiyar wajen kilomita 1,000. Duk da haka ranar kasuwa a Shanono ko Faruruwa ba a rasa mai suyar kifi, kuma galibin abin da ke cikin kaskonsa a teku aka kamo shi.

An tattara wannan maƙala ne saboda masu rubuta tarihin kamun kifi a ƙasar Hausa, da zarar sun ambaci bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, sai su ajiye alƙalami, kamar a ce sauran Hausawa ba su san kifi ba. Ƙauyukan tudu irin na Shanono su ma suna da nasu labarin.

Kafin dam

Ruwan wannan yanki na damina ne. Rafuka kan cika a watan Agusta, su ƙafe tun kafin tsakiyar rani, a bar yashi. Abin da ke saura shi ne tafkuna da kududdufai da fadamu, su ma na ɗan lokaci. Saboda haka kamun kifi aikin bayan girbi ne. Idan ruwa ya ja baya sai samari su shiga da koma da kwando da fatsa, a kwaso tarwaɗa da karfasa, a ci a gida, a aika wa maƙwabta, shi ke nan sai baɗi.

Kifin da ya fi dacewa da irin wannan ƙasa shi ne gaiwa. Idan tafki ya fara ƙafewa sai ta nutsa cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zame mata kamar jaka, tana shaƙar iska ta wata 'yar ƙofa, tana jiran damina. Yara masu ido kan bi busasshiyar laka suna neman wannan ƙofa, su sa fartanya su haƙo ta da ranta a wurin da ko ɗigon ruwa babu. Maganar Hausawa cewa gaiwa jikinta take ci ba ƙari ba ce, don kuwa naman jikinta ne ke riƙe ta duk tsawon rani.

A Kabi da Yawuri da Haɗeja kamun kifi sana'ar gado ce, da sarkin ruwa da dokokinsa da asiranta. A tudun Kano kuwa miya ta dogara ne ga daddawa da kuka da ɗan nama idan an samu. Ko Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, da ya zauna lissafin kasuwancin birnin, tufafi da goro da gishiri da kanwa da fatu da bayi ne suka cika lissafinsa.

Banda

Kifin nesa da ya fara zama kayan miya a ƙauyukan Kano busasshe ne, domin shi kaɗai ke jure tafiya. Ya riƙa zuwa daga fadamun Haɗeja da Nguru, musamman bayan jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, sannan daga Tafkin Chadi. Banda ita ce kifin da aka yanyanka gunduwa-gunduwa aka gasa da hayaƙi har ya yi baƙi ya taurare. Daga Doron Baga ake loda ta zuwa Maiduguri, daga nan ta watsu Kano da Anacha da Legas.

Wannan hanya ta sha bugu sau biyu. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000, amma farin shekarun 1970 da na 1980 ya rage shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Daga baya rikicin Boko Haram, musamman harin Baga na Janairun 2015 da takunkumin da sojoji suka sa wa fataucin kifi a yankin, ya tsayar da kasuwar tsawon shekaru.

Zamanin dam

A nan ne tarihin ya juya. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko kuwa shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, wanda ya yi mulki har 1975. Shi ne ya ɗora jihar kan manufar tare ruwan damina kada ya wuce a banza. Aka fara da Bagauda, wanda aka kammala a 1970. Sai Tiga a kan Kogin Kano, wanda aka gina daga 1971 zuwa 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Farin 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu, ya rufe bakin duk mai ganin aikin ɓarnar kuɗi ne. Hukumar WRECA ta jiha ita ce ta gina da yawa daga cikin waɗannan madatsu, kuma a 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Wanda ya shafi mutanen Shanono kai tsaye shi ne Dam ɗin Watari da ke maƙwabciyarsu Bagwai. A nan akwai saɓani da ya kamata a warware. A bakin jama'a, duk wani dam da ke Kano na Audu Baƙo ne. Ta fuskar tunani da tsari haka ne, ba a ja. Amma ginin Watari an yi shi ne tsakanin 1977 da 1980, wato an fara a zamanin Kanar Sani Bello, aka ƙare a zamanin Muhammadu Abubakar Rimi. Waɗannan shekarun su ne abin dogaro. Akwai kuma ruɗanin suna: jaridu kan rubuta "Kogin Bagwai" ko "Dam ɗin Bagwai", alhali ruwa ɗaya ake nufi, Kogin Watari da aka datse, wanda a ƙasa yake zubawa cikin Kogin Challawa. Yana ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 100, kuma shimfiɗarsa ta kusa hekta 2,000. Ta kudu kuma akwai Guzu-Guzu da Magaga a ƙasar Kabo, sai babban Dam ɗin Challawa a Ƙaraye wanda aka kammala a 1992.

Don noman rani da ruwan sha aka yi su, kifi ribar ƙafa ce. Amma ribar ta zo da yawa. Sabon dam yakan yi kifi sosai a shekarunsa na farko, saboda ciyawa da itatuwa da takin gonakin da ruwa ya shanye suna ruɓewa su zama abinci. Karfasa ta hayayyafa, tarwaɗa ta yi ƙiba, ƙurungu da kawara suka samu wurin zama rani da damina. Masunta na gado daga ƙasar Haɗeja da Kabi da Yawuri suka riƙa bin sababbin ruwayen, suna kafa bukkoki a gaɓa. A wurinsu ne 'ya'yan manoma suka koyi aikin: yadda ake shimfiɗa kalli da yamma a kwashe da asuba, yadda ake wurga birgi ya buɗe kamar faifai kafin ya sauka, yadda ake jan taru mutum da yawa, da yadda ake kwanciya a kan gora a yi iyo da hannu. Mamari kuwa doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Daga baya aka samu tarkon da ake kira mali, wanda sunansa ma ya nuna ƙasar da masu kawo shi suka fito. Sarautar sarkin ruwa, wadda a da sai a garuruwan bakin kogi, ta samu gindin zama a ƙasar da kakanni ba su san iyo ba.

Ba duka ne alheri ba. Ruwa ya ci gonaki da gidaje, ya raba ƙauyukan da a da ƙafa ke haɗa su. Tsargiya ta samu wurin yaɗuwa a tsakanin yaran da ke wanka a gaɓa. Dam ɗin Bagauda ya fashe a watan Agustan 1988 ya yi ɓarna. Babbar asarar kuwa a can ƙasa ta faɗa: ruwan da Tiga da Challawa suka tare shi ne ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru ke jira kowace shekara domin kifi ya yi ƙwai. Ambaliyar ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Kano ta samu kifi, amma wani ɓangarensa daga rabon masuntan Haɗeja aka yanko. Su ma madatsun, da masu su suka yi yawa aka koma raga mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko 'ya'yan kifi, sai kamu ya fara raguwa, manyan kifaye suka zama abin labari.

Jirgi

Inda ruwa ya raba mutane da kasuwa, dole a nemi jirgi. Kwale-kwalen dam na katako ne, an haɗa shi da ƙusa, an toshe tsaguna da tsumma da kwalta. Ƙarami da filafili ake tuƙa shi, babba kuma a ɗaura masa inji a baya. A cikinsa za a ga buhunan hatsi da awaki da babur a kwance, mata a tsakiya da goyo, wani yaro a gindi yana kwashe ruwa da yankakkiyar jarka.

Ranar Talata 30 ga Nuwamban 2021, da yamma, wani jirgi da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a Watari. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne da za su taron Mauludi. Rahotannin farko sun ce mutum 20 suka rasu, washegari hukumomi suka ce 29, kuma wannan adadi shi ne mafi ƙaranci da za a riƙe. An ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta dakatar da jigilar fasinja a ruwan bayan hatsarin. Allah ya jiƙansu. A garuruwan Sarkawa, masunta na gado, yaro kan iya iyo kusan tare da tafiya. A tudun Kano an samu ruwa da jirgi cikin shekara 40, amma iyo da rigar kariya ba su biyo baya ba.

Kifin teku

Kifin teku ya fara shigowa ne a gwangwani, ta kantunan da suka biyo jirgin ƙasa bayan ya iso Kano a 1911. Sadin mai suna Titus, wanda ake sarrafawa a Maroko, da Geisha, sun daɗe suna cikin kayan shayin mai hali. Busasshen kifin Norway mai taurin itace da jatan lande kuwa sun fi zama kayan miyar mutanen Sabon Gari.

Ɗanyen kifin teku sai da aka samu ƙanƙara. Michael Ibru ne ya fara fataucinsa a Legas a 1957, kuma da farko mutane sun guje shi, suna kiransa kifin mutuware. Arha ce ta karya ƙyamar. Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970, aka samu kwalta da motoci masu sanyi da ɗakunan ƙanƙara, sai ya hau arewa. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, da masuntan Ijaw da Ilaje da Ibibiyo masu shiga ruwa kullum, amma kifinsu ba kasafai yake isowa Kano ɗanye ba. Wanda ke cikin kwali daga jiragen ƙasashe irin su Norway da Holan da Rasha da Muritaniya yake. Ana sauke shi a tashar Apapa da sauran tashoshin kudu, ya kwana a hanya, ya sauka a ɗakunan sanyi na birnin Kano da kasuwar kifi ta Titin Galadima. Sunayensa ma na kudu ne: shawa da kote da fanla, sai titus, wanda ya ari sunan gwangwani.

Daga birni zuwa Shanono babu sanyi, sai sauri. Mai suya kan ɗauro kwali ɗaya ko biyu a mota ko a bayan babur da safe, kifin a daskare kamar bulo, jikin kwalin da rubutun da ba mai iya karantawa. Kafin azahar ya saki. A ɓamɓare, a yanyanka, a sa gishiri, a jefa a mai. Da la'asar an jera shi a tire, da yaji da albasa a gefe, ana naɗewa a takardar siminti ko tsohuwar jarida. Abin da bai ƙare ba a sake soya shi gobe.

Tunda da dala ake sayo shi, duk abin da ya taɓa naira sai ya taɓa kaskon. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kifi cikin kayayyaki 41 da aka hana wa dalar gwamnati. An ɗage hanin a Oktoban 2023, amma a lokacin an riga an cire tallafin man fetur, naira kuma ta faɗi. Kiwon tarwaɗa a tafkin siminti da na tamfol, wanda ya bazu a kewayen birnin Kano tun shekarun 2000, ya ɗan cike gurbi, sai dai abincin kifin shi ma ya yi tsada, kuma tarwaɗar kiwo ta fi tafiya wurin masu farfesu a birni. A ƙauye mai suya bai iya ninka kuɗi yadda kwali ya ninka, don ya san aljihun masu sayensa. Kifin da a da ake yanka shi uku, kai da tsakiya da wutsiya, yanzu huɗu ko biyar ake fitarwa.