Kiwon ɗan kunkuru a gida: yadda ake shirya masa wurin zama

A Gazawa, Agiye da Gidan Rumji, ba abin mamaki ba ne ka shiga gida ka tarar da kunkuru yana yawo a tsakar gida. Babba yana da juriya. Ƙarami, wanda bai kai tafin hannu ba, shi ne ke yawan mutuwa, sau da yawa saboda an ajiye shi cikin roba ko bisa siminti, ana zuba masa guntun tuwo.

Wane irin kunkuru ne?

Babban kunkurun tudu na yankin Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, shi ne na 3 a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da Aldabra. Yana fitowa daga ƙwai da tsawon santimita 5 ko kusa da haka, amma yana iya wuce kilo 50, ya kuma rayu fiye da shekara 50. Kada a haɗa shi da kififiya, wadda rayuwarta a ruwa take.

Yawansa ya ragu sosai a daji, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ɓacewa. A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ta ba shi cikakkiyar kariya. Don haka ba a kamo shi daga daji. Wanda ya riga ya samu ɗaya a hannunsa, ya sanar da jami'an gandun daji na gundumarsa.

Akwati da ƙasa

A daji, ɗan kunkuru yana wuni cikin rami, inda ƙasa ke da laima, zafi bai yi yawa ba, sanyi ma haka. Wurin da za a shirya masa a ɗaki, wannan ramin zai kwaikwaya.

A sa kafinta ya haɗa akwatin katako marar murfi, tsawonsa ya kai mita 1 da rabi, faɗi santimita 60 zuwa 80, tsayi santimita 30. Kada gefensa ya zama gilashi ko raga, domin idan yana hango waje, zai wuni yana tunkuɗar bango. A shimfiɗa leda a gindi, a zuba ƙasar gona mai kaurin santimita 10 zuwa 15, wadda ba a sa wa taki ko maganin ƙwari ba. Yashi zalla bai dace ba: yana haɗiye shi tare da abinci, ya toshe masa ciki.

A kusurwa ɗaya a kifa fasasshiyar tukunyar ƙasa ta zama maɓoya, a riƙa yayyafa ruwa ƙarƙashinta kullum. Laima ake so, ba taɓo ba. Ɗan kunkurun da ya tashi cikin bushewa, bayansa kan yi tudu-tudu maimakon ya yi sumul.

Rana, zafi da sanyi

Jikin kunkuru ba ya samar da ɗumi da kansa, dole akwatin ya samu gefe mai ɗumi da gefe mai inuwa, ya zaɓi wanda yake so. Yana kuma buƙatar hasken rana kai tsaye kafin ƙashinsa da ƙoƙon bayansa su yi ƙwari. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yin wannan aiki. A Turai da Amurka fitila ta musamman suke saye, mu kuwa rana kyauta ce. A fitar da shi da hantsi na kamar awa 1, da inuwa a kusa, wani kuma yana sa ido saboda shaho, kare da kyanwa.

Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, kada ya kwana waje ko jikin ƙofa. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a jihar Maraɗi, ɗaki mai rufin kwano a kulle yana iya kashe shi. Da dare a rufe akwatin da ragar waya saboda ɓera da gafiya.

Ci da sha

Abincinsa ciyawa ce: kiri-kiri, guɗe-guɗe, ɗanyar kyasuwa, da ɗan ganyen yakuwa. Harawa kaɗan-kaɗan. Ban da tuwo, fura, nama da kayan zaƙi, ban da ganyen tumfafiya mai guba. Sau 2 a mako a barbaɗa garin ɓawon ƙwai da aka dafa bisa abincinsa.

A ajiye masa ruwa a faranti marar zurfi, don kada ya kife a ciki ya nutse. Kowace safiya a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, iya haɓarsa, na minti 15.

Abubuwan kiyayewa

Kada a huda bayansa don a ɗaura igiya. Ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, musamman yara, domin kunkuru kan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. In ya daina ci, ko idanunsa suka kumbura, ko hanci na zubar da majina, a kai shi wurin likitan dabbobi.

Akwati dai na ɗan lokaci ne. Bayan shekara 2 zuwa 3 zai buƙaci fili a waje, da katanga mai tushe cikin ƙasa, domin gwani ne wurin tono, yana iya gina rami ya ɓulle ta gidan maƙwabci.