Daga ina "raba gida uku" ta samo asali?

Duk ɗalibin koleji da aka bai wa aikin gida a kan siffar mazurari, wadda littattafanmu na faransanci ke kira kon, ya hardace ƙa'ida guda: a ninka faɗin gindi da tsayi, sannan a raba gida uku. Sai dai kaɗan ne suka san cewa wannan ukun ya ɗauki masana ƙarnuka kafin su kafa masa hujja.

Misirawan dauri sun san shi a aikace. Wata takardarsu da ke ajiye a Mosko, ta wajen shekara 1850 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tana ɗauke da lissafin dala mai yankakken kai. An raba uku, amsa ta fito daidai, amma ba a faɗi dalili ba.

A ƙasar Girka, Dimokuritus ne ya fara cewa mazurari na cin sulusin abin da gwangwani mai gindi da tsayi irin nasa ke ci. Arkimidis ya shaida haka a wata wasiƙa da ta ɓace tsawon ƙarnuka, har masani Heiberg ya gano ta a Istambul a 1906, ƙarƙashin rubutun wani littafin addu'o'i. Hujjar kuwa sai a ƙarni na 4 kafin Annabi Isa ta zo, daga Yudoksus: ya nuna cewa duk wanda ya ce abin ya fi sulusi, ko ya gaza shi, zai ƙare da ƙaryata kansa. Uƙlidis ya adana wannan hujja a kashi na 12 na littafinsa, wanda al-Hajjaj ya mayar da shi Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashidu.

Wahalar tana da dalili. A 1900 Bajamushe Max Dehn ya tabbatar cewa ba kowace dala ake iya yayyankawa a sake harhaɗa ta ta zama akwati ba. Ke nan babu gajeriyar hanya.

Saboda haka yana da kyau malami ya sa yara su cika mazurari da rairayi, su juye sau uku cikin gwangwani. Amma ya gaya musu cewa ido ne ya gani, saura hankali ya tambayi dalili. Yaron da ya ce "don me uku?" bai ɓata wa aji lokaci ba: tambayar da Yudoksus ya amsa ce ya yi.