Mari, Maryamu da Mariyama: hanyoyin suna guda a ƙasar Maraɗi

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba sunan mata na Faransanci Marie, wanda Bahaushe yake furtawa Mari, da matsayinsa a yankunan Gazawa, Agye da Gidan Runji.

Asalin sunan daga Ibrananci ne, wato Miryam, sunan ƴar'uwar Annabi Musa. Daga nan ya shiga Girkanci da Latinanci a matsayin Maria, Faransanci kuma ya mayar da shi Marie. Masana sun rabu kan ma'anarsa: wasu sun danganta shi da kalmar Ibrananci mai nufin ɗaci, wasu da kalmar tsohuwar Masar mai nufin abar ƙauna.

Idan muka lura, sunan ya iso ƙasar Maraɗi ta hanya uku. Ta farko, wadda ta fi daɗewa, ita ce ta Musulunci. Maryam ce kaɗai macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, kuma sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi. Daga nan Hausa ta samo Mariyama, Mairama da Mairo.

Ta biyu ita ce ta mishan. A 1927 ƙungiyar SIM ta zauna a Tsibiri, cikin Gobir, daga baya ta buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Agye. Da yake da Hausa take wa'azi, da fassarar da aka kammala a 1932, Kiristocinta sun riƙi Maryamu.

Ta uku ita ce ta Faransanci, bayan da Nijar ta zama mallakar Faransa sosai a 1922. Marie ya zo tare da cocin Katolika da ma'aikata ƴan Dahome da Togo, saboda haka ya tsaya a birane. A karkara, inda liman ke raɗa suna ran bakwai, bai samu wurin zama ba, domin ya tarar da ɗan'uwansa ya riga shi.

Amma abin da Faransanci ya rasa a bakin liman ya same shi a alƙalamin magatakarda. Da ƙa'idarsa ake rubuta sunayenmu a takardar haihuwa: Mariama, Aïchatou, Ramatou. Haka aka san Mariama Keïta (1946-2018), mace ta farko ƴar jarida a Nijar. Matsalar ita ce rubutun bai tsaya wuri guda ba. Yarinya ɗaya sai ta zama Mariama a takardar haihuwa, Mariam a rajistar makaranta, ranar jarrabawa ko neman fasfo kuwa a ce sai an gyara kafin a karɓa.

Muna ganin ya kamata masana harshe da ma'aikatan rajista su daidaita rubutun sunayen nan, don kada harafi ɗaya ya tsayar da karatun yarinya.