Jangalin Sardauna da 'Yan Dokan Sakkwato: Tarihin Binciken Laifi a Kwarin Rima

A 1943 aka gurfanar da Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, gaban kotun Sarkin Musulmi bisa zargin cin kuɗin jangali. Haifaffen Rabah ne, ya yi sarautar garin daga 1934, kuma a lokacin da zargin ya taso yana zaune a Gusau yana duba gundumomin gabas a madadin fada. Kotu ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu a Zariya, can kuma aka rushe hukuncin. A littafin tarihin rayuwarsa, My Life, wanda ya fito a 1962, ya ɗauki abin da ya faru a matsayin makircin da aka ƙulla masa.

An saba karanta wannan shari'a a matsayin babi a cikin tsamin dangantakar jikokin Muhammadu Bello guda biyu, wato Sardauna da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, waɗanda suka nemi gadon sarauta tare a 1938, suka kuma sasanta daga baya. Wannan karatu bai yi kuskure ba. Sai dai akwai tambayar da ya tsallake: a ƙasar Sakkwato ta wancan zamani, wa ke binciken laifi, kuma gaban wa mai binciken yake kai bayanin aikinsa?

Shugabannin jihadi ba su bar wannan batu a sake ba. A cikin Kitab al-Farq, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa muƙamai huɗu da mulki ke dogara a kansu: waziri, alƙali, mai karɓar haraji, da shugaban masu tsaron doka, wanda aikinsa shi ne ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa daga mai ƙarfi. A aikace kuwa, a Sakkwato da Wurno, ribaɗin da Muhammadu Bello ya gina kuma aka binne shi a cikinsa a 1837, dogarai ne ke kamu, su kai sammaci, su tsare wanda ake tuhuma, Yari kuma ya riƙe kurkuku. Yawancinsu bayin sarki ne, biyayyarsu ga ubangijinsu take.

Dogari ba mai bincike ba ne a ma'anar da aka sani yau. Binciken yana faruwa ne a wurare biyu. Na farko ƙauye: idan aka kore shanu da dare, masu bin sawu ne za su bi har inda sawun ya shiga, daga nan mai unguwar wurin da hakiminsa su ɗauki nauyin fito da ɓarawo ko su nuna inda sawun ya fita. A Sakkwato, hakimi shi ne mai riƙe da ƙauye, wanda ke samansa kuma uban ƙasa, saɓanin Kano inda hakimi ke riƙe da gunduma. Wuri na biyu shi ne zauren alƙali. A mazhabar Malikiyya hujja tana tsayuwa ne da shaidu biyu adalai, ko iƙirarin mai laifi, ko rantsuwa. A shari'ar kisan kai, idan akwai alama mai ƙarfi amma shaida ba ta cika ba, dangin mamaci za su iya yin rantsuwar ƙasama, sau hamsin. Alƙali ne ke tambaya, shi ke tantance adalcin shaidu, shi ke yanke hukunci. Tsarin yana da ƙarfi inda kowa ya san kowa, yana kuma da rauni inda mai iko zai iya samar da masu rantsuwa.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma ba su rushe wannan tsari ba. Mulkin da Lugga ya shimfiɗa ya bar kamu da shari'a da kurkuku a hannun sarakuna a ƙarƙashin En'e. A shekarun 1920 aka fara ware wasu daga aikin dogarai, aka ba su kaki da albashi da horon fareti, aka kira su 'yan doka. Hausa ta bambance rundunonin biyu da kyau: ɗan sanda na gwamnati ne, ɗan doka na sarki. 'Yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe na Arewa da na Kudu cikin runduna ɗaya a 1930, sun fi zama a Kaduna da garuruwan layin dogo da unguwannin baƙi. Manomin Wurno ko masuncin Goronyo zai iya tsufa bai taɓa yin hulɗa da ɗan sanda ba.

Matsalar Turawa ita ce aikin ya gaji ƙasƙancin bauta, 'ya'yan manya ba sa son shiga. Maganin da suka samo shi ne ɗora 'ya'yan sarauta a kan rundunar. Usman Nagogo ya zama Wakilin Doka a Katsina a 1929, Ado Bayero ya riƙe wannan muƙami a Kano daga 1957, kuma dukansu sun zama sarakuna daga baya. A Sakkwato, kafin ya hau gadon Sarkin Musulmi a watan Yuni na 1938, Abubakar na Uku shi ne Sardauna, kuma shi ke kula da 'yan doka da gidan yari a majalisar En'e. Dabarar ta ɗaga darajar aikin, amma ta ƙara ɗaure shi da fada. Shugaban masu bincike ɗan gida ne, gobe ma yana iya zama mai gidan.

A nan shari'ar 1943 take koyar da abin da ya wuce rikicin 'yan uwa. Kuɗin jangali na baitulmalin En'e ne, don haka En'e ce mai ƙara. Masu tattara shaidu ma'aikatanta ne. Kotun da ta zauna ta shugaban En'e ce, kurkukun da za a kai mai laifi ma nata ne, kuma doka ba ta yarda lauya ya tsaya a kotunan gargajiya ba. Ko da kowane mutum a cikin wannan jeri mai gaskiya ne, babu wani mataki da wani na waje zai duba aikin ya ce an yi kure. Abin da ya ceci Sardauna shi ne gyaran shari'a na Gwamna Donald Cameron a 1933, wanda ya kafa Babbar Kotu ya kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa gare ta. Sardauna ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya san ƙofar tana nan, yana da magoya baya da halin zuwa Zariya. Bafulatanin da aka ƙara wa shanu a lissafin jangali a dajin Rabah ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Masu kallon finafinan Amurka sun san sharif, jami'in da ke shugabantar tsaro a gunduma, da masu bincike a ƙarƙashinsa. Shi ma ɗan gari ne, ya san gidaje da dangogi kamar Wakilin Doka. Bambancin shi ne a mafi yawan jihohin Amurka jama'ar gunduma ke zaɓensa su kuma sauke shi, sannan mai gabatar da ƙara ofishinsa daban, alƙali ma daban. Wannan bai hana wasu sharif-sharif na kudancin Amurka zama makamin danniya ga baƙaƙen fata ba a shekarun 1960, domin masu rinjayen ƙuri'a sun yarda da danniyar.

Siyasar jam'iyyu ce ta tona asirin tsarin En'e. Bayan kafa NEPU a watan Agusta na 1950, 'yan adawa a faɗin Arewa suka riƙa kuka da kamun 'yan doka da ɗaurin alƙalai kan laifuffuka irin su taro ba izini da zagin sarki. Tun kafin nan, shari'ar Tsofo Gubba ta 1947, wadda ta taso daga kotun Sarkin Gwandu, ta nuna yadda hukuncin kisa a ƙarƙashin Malikiyya ke iya karo da dokar laifuffuka ta Turawa a kotun ɗaukaka ƙara. Da 'yancin kai ya gabato, gwamnatin Jihar Arewa, wadda Sardauna ke wa Firimiya, ta kira kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu kundin Final Kod da dokar tsarin shari'ar laifuffuka, waɗanda suka fara aiki a 1960.

A cikin doka ta biyu akwai abin da ba a cika ambato ba, alhali shi ne ya fi shafar mai bincike. Ta wajabta rubuta rahoton farko na ƙara, ta kuma wajabta wa mai bincike ya riƙe littafin da zai shigar da matakan aikinsa: lokacin da labari ya iso masa, wuraren da ya je, bayanan da shaidu suka ba shi. Da wannan littafi shugaba zai iya zama a ofis ya ga inda aka tsallake shaida ko aka tsare mutum ba dalili. Ba za a iya cewa shari'ar jangali ce ta haifi wannan tanadi ba, domin an ɗauko shi ne daga dokokin Sudan da Indiya. Amma mutumin da ya jagoranci gwamnatin da ta kawo shi ya taɓa tsayuwa a inda ake buƙatarsa.

Sojoji ne suka ƙarasa sauran. Bayan juyin mulkin 1966, kwamitin da Yusuf Gobir ya jagoranta ya ba da shawarar haɗe rundunoni. A 1968 kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnatocin jihohi, aka soke kotunan sarakuna, gidajen yari suka koma na tarayya, 'yan doka kuma aka narkar da su a hankali cikin 'yan sandan Nijeriya. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya. An raba mai bincike da fada, wanda ci gaba ne na gaske, amma an raba shi kuma da masu bin sawu da mai unguwa. Jami'in da aka turo daga wata jiha, wanda za a iya ɗauke shi bayan shekara biyu, ba lallai ya san wace fadama ce ke kai wa ga wane ƙauye ba.

Yau kwarin Rima, inda madatsar ruwa ta Goronyo ke ba manoman albasa da shinkafa ruwan rani, yana fama da laifin da dogari da ɗan doka ba su san girmansa ba. A ranar 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka mutu. 'Yan sa-kai da suka cike gurbin tsaro sun san daji, amma ba su da littafin bincike, ba su da wanda ke karanta aikinsu, kuma gwamnatin jiha ta haramta su saboda zargin kashe mutane ba shari'a. A 2024 jihar ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma domin taimaka wa jami'an tsaro, kamar yadda Katsina da Zamfara suka yi. Binciken kisan kai dai yana hannun 'yan sanda: daga ofishin yanki a Wurno ko Rabah ko Goronyo fayil zai tafi sashen binciken manyan laifuffuka a Sakkwato, daga can ya wuce Ma'aikatar Shari'a domin a ba da shawarar ko za a gurfanar da wanda ake tuhuma.