Farin Gida Mai Ginshiƙai: Me Ke Bayansa?

Mai karatu, in dai kana kallon finafinan Amurka na tarihi, to ka san gidan nan: farin bene ƙato, dogayen ginshiƙai sun jeru a gaba, baranda ta kewaye shi, ga manyan itatuwa sun yi wa hanyar shiga rumfa. Wannan salon gini ya yi tashe daga wajen 1820 zuwa 1860. A lokacin Amurkawa na ɗaukar kansu magadan tsohuwar ƙasar Girka, inda aka ce dimokuraɗiyya ta samo asali, sai suka shiga kwaikwayon ɗakunan bautar Girkawa a kotuna da bankuna, har da gidajen kwana.

A kudancin ƙasar abin ya zama na nuna isa. Dubi gidan Oak Alley da ke jihar Luwiziyana, wanda aka gina tsakanin 1837 da 1839. Ginshiƙai 28 gare shi, daidai da yawan itatuwan da ke ƙofarsa. Kuɗin rake ne ya gina shi, masu noman raken kuwa, da waɗanda suka yi aikin ginin, bayi ne baƙar fata. Ka ji fa, ginin 'yanci da gumin bawa! Su bayin can baya suke kwana, a 'yan ɗakunan katako.

To amma wa ya cusa wa duniya sha'awar irin wannan gida? Ni dai na ce fim ɗin Gone with the Wind ne, na 1939. Abin dariyar, gidan Tara da 'yan kallo suka yi ta santi ba gida ba ne, fuska ce kawai aka kafa a filin sutudiyo a Kalifoniya, ba ɗaki ko ɗaya a ciki. A littafin Margaret Mitchell na 1936 ma gidan bai kai haka kyau ba, furodusa ne ya ƙara masa kwalliya.

An jima kafin kyamara ta yarda ta zagaya baya sosai. A 2012 aka saki Django Unchained, wanda aka ɗauki wani sashensa a gandun Evergreen, shi ma a Luwiziyana. A can, bayan babban gidan, ɗakunan bayi 22 ke jere layi biyu, a inda aka kafa su tun farko.