Aron Kari a Birnin Masana'antu: Tarihin Juya Waƙoƙin Indiya a Kano

1.0 Gabatarwa

Ɗora sabuwar waƙa a kan karin wata tsohuwa ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Malamai sun daɗe suna yin tahamisi, watau su ɗauki baitin wani su ƙara masa ɗango uku har ya zama mai biyar, kuma Ishiriniyar Alfazazi da ake rerawa a zaurukan Kano da tahamisinta take tafe. Har ila yau masana sun nuna cewa Aliyu Namangi ya gina Imfiraji ne a kan karin kiɗan Caji, ya ɗauko shi daga dandali ya kai shi fagen wa'azi. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda wannan tsohuwar al'ada ta sami sabon abin aro, watau waƙoƙin finafinan Indiya, a daidai lokacin da Kano take zama birnin masana'antu.

2.0 Masana'antu da Sababbin Masu Sauraro

Bompai ce unguwar masana'antu ta farko a Kano, kuma ta fara bunƙasa tun shekarun 1950. Daga bisani aka buɗe Sharaɗa da Challawa, inda masana'antun jima suka fi yawa. A waɗannan wurare aka kakkafa masaƙu da matatun man gyaɗa da kamfanonin robobi da alewa da turare, da yawansu mallakar Kwarori da Indiyawa da attajiran Kano. Paul Lubeck, a littafinsa na 1986 a kan leburorin Kano, ya nuna cewa da yawan ma'aikatan nan gardawa ne da 'yan cin rani da suka baro karkara, suka zauna a unguwanni irin su Tudun Wada da Gwagwarwa.

Wannan sabon rukuni na jama'a ya bambanta da manomi ta fuska biyu: yana da albashi, yana kuma da lokacin tashi daga aiki. Gidajen silima kuwa suna nan suna jira. An buɗe Rex a 1937, Palace a 1951, ga kuma Plaza da Orion da El Dorado. Tun shekarun 1950 Kwarori masu dillancin finafinai suka fara shigo da na Indiya, kuma irin su Mother India na 1957 suka sami karɓuwa ƙwarai. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, rediyo mai kaset ta shiga ɗakin ƙaramin ma'aikaci. Saboda haka muryar Muhammad Rafi da ta Lata Mangeshkar suka zama abin ji yau da gobe ga mutanen da ba su san ko kalma guda ta Indiyanci ba. Kalmomin ba su shiga ba, amma karin ya zauna a kunne, ya zama tamkar kwarya wadda ke jiran abin zubawa.

3.0 Matakan Aron

Ana iya kasa tarihin wannan aro kashi uku. Na farko shi ne na makaɗan dandali. Abdu Yaron Goge da Ali Makaho suna cikin waɗanda suka fara ɗauko karin waƙoƙin Indiya suka ɗora masa kalmomin Hausa, da kayan kiɗan gida. A wannan mataki kayan kiɗan ne suke sarrafa karin, domin goge ba ya karɓar abin da ya fi ƙarfin tsirkiyarsa.

Na biyu shi ne na masu bege. Shaihu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, shi ya ɗaukaka bandiri a zikirin Ƙadiriyya a Kano. Daga shekarun 1980 sai matasa da ɗaliban Islamiyya suka fara zuba yabon Annabi (S.A.W.) a kan karin Indiya, har aka sami ƙungiya mai suna Ushaƙu Indiya, wadda Brian Larkin ya yi nazari a kanta. Hujjarsu ita ce, tun da karin ya riga ya mallaki zukatan matasa, gara a cika shi da bege da a bar shi da zancen soyayya. Wannan kuwa ita ce dabarar da Namangi ya yi wa Caji.

Na uku ya zo ne bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da faɗuwar darajar naira da ƙarancin wutar lantarki suka soma durƙusar da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Matasan da a dā da sun nemi aiki a masaƙa suka koma wasu sana'o'i, ciki har da shirya finafinan bidiyo, wanda ya soma da Turmin Danya a 1990. A nan fiyanon Yamaha ya maye gurbin goge da bandiri, kuma aron ya wuce kari, ya haɗa da rawa da zubin labari.

4.0 Muhawara

Suka ta zo ta fuskoki uku. Ta fuskar addini, ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta ƙi kiɗa a cikin ibada ɗungurungum, wasu malaman ɗariƙa kuma suka ji tsoron mai sauraro ya tuna da 'yar rawar fim a lokacin da ake ambaton Manzo. Ta fuskar shari'a, wasu sun kira aron da sunan sata. Sai dai ya kamata a tuna cewa hanyar ba ɗaya take bi ba: a 1990 da 1991 finafinan Indiya biyu, Thanedaar da Hum, sun ɗauki karin waƙar Tama ta Mory Kanté, mawaƙin ƙasar Gini.

Fuska ta uku ita ce ta harshe, kuma ita ta fi shafar masu nazarin Hausa. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma a kan nauyin gaɓa ake auna waƙarta. Karin da aka tsara domin wani harshe yakan tilasta wa mawaƙi ya ja gajeren wasali ko ya datse dogo, har ma'ana ta jirkita. Gwani yakan nemo kalmar da ta dace da gurbin. Wanda bai ƙware ba sai ya karya kalmar don ta shiga.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa albashin masana'antu da silima da kaset su suka kawo karin Indiya, amma dabarar juya shi ta gida ce tun fil azal. Don haka ma'aunin da ya dace a ɗora waɗannan waƙoƙi a kai shi ne wanda aka ɗora Imfiraji: shin mai aron ya mallaki abin da ya ara, Hausarsa kuma ta fita lafiya? Kaset-kaset ɗin da za a amsa wannan tambaya da su suna lalacewa a shaguna da ɗakunan ajiya. Wajibi ne sassan Hausa na jami'o'inmu su tattara su, su rubuta matanoninsu, tun masu rera su suna raye.